Yadda Ake Shirya Bidiyo Don Faifan DVD Da Blu-ray: Saurin Firam, Share Yashi Da Matsewa

Na'urar kunna DVD ba ta da haƙurin waya ko kwamfuta. Waya duk abin da ka tura mata za ta laluba ta kunna. Ita kuwa na'urar faifai tana bin ƙa'idojin da aka kafa tun lokacin da DVD ya fara shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 1996, kuma har yau ba su motsa ba. Hoto kusan kullum da tsarin matsewa na MPEG-2 yake. Girman da aka saba shi ne 720×576 da firam 25 a sakan, wato hotuna 25 a jere, idan tsarin talabijin na PAL ne, ko 720×480 da firam 29.97 idan na NTSC ne. Sauti kuma a 48 kHz. Da wuya bidiyon da ke hannunka ya zo a haka, don haka sai an juya shi, kuma a wurin juyawar ne yawancin faifai ke lalacewa: motsi ya riƙa sarƙewa, murya ta riga baki, fuska ta shafe. Mutane kan ɗora wa manhajar matsewa laifi, alhali ɓarnar ta auku tun kafin a kai gare ta.

Jerin aikin ba a sauya shi. A duba asalin bidiyon, a daidaita saurin firam, a share yashi, wato ɗigo-ɗigon da ke rawa a hoto, a rage girma, sannan a matse, sau ɗaya tak. Idan za ka ajiye fayil a tsakanin waɗannan matakai, ka ajiye shi da kodek, wato tsarin matse bidiyo, marar asara irin su FFV1 ko UT Video. Zai ci wuri sosai, amma duk ajiyar da ka yi da MP4 a tsakiya sai ta zaftare wani abu daga hoton, kuma ba ya dawowa.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo, manhaja ce ta kyauta. Abu huɗu kake nema: saurin firam, ko saurin tsayayye ne ko mai sauyawa, irin launin, da kuma abin da aka rubuta a gaban Scan type.

A nan za ka ga ko dai Progressive ko Interlaced. Na farko cikakken hoto ne, kowane firam an ɗauke shi a lokaci guda. Na biyun saƙaƙƙe ne: firam ɗaya ya ƙunshi rabi biyu, layi na 1, 3, 5 a rabi ɗaya, layi na 2, 4, 6 a ɗayan, kuma ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. A PAL tsakaninsu akwai kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Shi ya sa idan ka tsayar da irin wannan bidiyo a kwamfuta daidai inda wani ya ɗaga hannu, sai ka ga gefen hannun ya yi haƙora-haƙora. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi, kuma DVD na karɓarsa hannu bibbiyu.

Sai dai abin da fayil ya faɗa game da kansa ba kullum yake gaskiya ba. Ka tabbatar da ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni:

`ffmpeg -i asali.mp4 -vf idet -frames:v 1000 -an -f null -`

Zai ƙirga maka firam nawa ne cikakku, nawa ne saƙaƙƙu, da kuma wane rabi ke fara zuwa: TFF idan na sama ne, BFF idan na ƙasa ne. Ka rubuta wannan ka ajiye. Kaset ɗin DV na ƙasa yake fara kawowa, yawancin kyamarorin HD masu saƙa kuma na sama. Idan ka gaya wa manhajar matsewa akasin haka, a kwamfuta ba lallai ka lura ba, amma a talabijin duk abin da ya motsa zai riƙa karkarwa gaba da baya.

Mataki na biyu: saurin firam

A nan gizo ke saƙa. Shawarata a taƙaice: ka zaɓi faifan da ya dace da bidiyon, kada ka lanƙwasa bidiyon don ya dace da faifai. Abin da aka ɗauka a 25 ko 50, faifan PAL. Abin da aka ɗauka a 29.97, 30 ko 60, faifan NTSC. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a ƙasashen PAL, wato Turai da mafi yawan Afirka da Asiya, suna kunna faifan NTSC ba tare da gardama ba. Na'urorin Amurka ne sau da yawa ba sa kunna PAL. Kuma kada a haɗa wannan da kullen yanki da kamfanonin fim ke sa wa faifansu; wanda ka haɗa da kanka ba shi da wannan kulle.

Idan juyawar ta zama dole, kowace iri da hanyarta.

Daga 24 ko 23.976 zuwa 25 ita ce mafi sauƙi, domin ba a ƙara firam ba a cire ko ɗaya. Ana ƙara wa fim ɗin gudu ne da kusan kashi 4 cikin 100, yadda gidajen talabijin na Turai suka daɗe suna yi. Fim mai minti 100 a 24 zai koma minti 96. Ido ba ya kamawa. Kunne ne ke kamawa idan aka bar sauti ya bi gudun haka kawai, domin murya takan ɗan ƙara siranta, kiɗa kuma ya hau da kusan kashi biyu cikin uku na rabin mataki. Matatar atempo, ɗaya daga cikin umarnin gyara na ffmpeg, tana ƙara gudu ba tare da taɓa amon murya ba:

`-vf "setpts=PTS*(24000/1001)/25" -r 25 -af atempo=1.04271`

Idan asalin 24 ne cif, ka sa 24 a wurin 24000/1001, atempo kuma 1.04167.

Daga 23.976 zuwa 29.97 akwai dabarar da ake kira 3:2, inda firam huɗu ke zama biyar ta hanyar maimaita wasu rabi-rabi: wannan firam a nuna shi rabi uku, na gaba rabi biyu, haka har ƙarshe. Ana iya gina maimaicin a cikin hoton kansa, amma asarar wuri ce. Abin da ya fi shi ne a matse bidiyon a 23.976 yadda yake, sannan a sa alamomi a cikin fayil ɗin da za su gaya wa na'ura ta yi maimaicin da kanta. HCenc, manhajar matse MPEG-2, na iya sa su yayin matsewa, wata manhajar mai suna DGPulldown kuma tana sa su bayan an gama. Shi DGPulldown har 25 yana kaiwa 29.97: ka rage hoton zuwa 720×480, ka matse a 25 cikakke, ka bar alamomi su cike gurbin. Tsawon fim bai canja ba, don haka ba ruwanka da sauti. Wannan 29.97 mai wutsiya, ga mai son sani, gadon 1953 ne, lokacin da Amurka ta shigar da launi cikin talabijin ta rage saurin daga 30 zuwa 30000/1001 don kada siginar launi ta yi karo da ta sauti.

Wani lokaci akasin haka za ka tarar: fayil ya ce 29.97 saƙaƙƙe, alhali fim ne da aka riga aka yi wa 3:2. Ka bi shi firam-firam a wurin da ake motsi. Idan ka ga uku lafiyayyu, biyu masu haƙora, kuma haka yake ta maimaituwa, to kada ka warware saƙar da matatar da aka saba, za ta bar maka maimaitattun firam. Ka mayar da shi asalinsa da `fieldmatch,decimate`, sai ya koma 23.976 tsaf.

Daga 50 cikakke zuwa PAL, ko 59.94 zuwa NTSC, mutane da yawa suna zubar da rabin firam ɗin su bar 25. Ba sai an yi haka ba. Kowane firam zai iya zama rabi ɗaya na saƙaƙƙen hoto, motsi kuma ya fito da santsinsa gaba ɗaya. Ga wasan ƙwallo ko duk wani abu mai gudu, bambancin a bayyane yake. Matatar ita ce `interlace=scan=tff`, kuma ita ce ta ƙarshe a jeri, bayan share yashi da rage girma.

Mafi muni ita ce 30 zuwa 25, kuma ita aka fi fuskanta saboda bidiyon waya. Ba za a rage gudu ba, tazarar ta yi yawa, kowa zai koma tafiyar hawainiya. Hanya uku ce ta rage, kuma babu mai daɗi. Ko a jefar da firam ɗaya cikin kowane shida, sai hoto ya riƙa tsalle sau biyar a sakan, musamman idan kyamara na juyawa gefe. Ko a gauraya firam biyu, sai kowane motsi ya yi inuwa. Ko a bar manhaja ta ƙirƙiro sababbin firam ta hanyar lissafin inda kowane abu ya nufa, da `minterpolate` a ffmpeg ko MVTools a AviSynth da VapourSynth. Ta ukun ta fi kyau idan ta yi daidai, amma takan rikice a wurin da abubuwa ke giftawa: yatsu, shinge, ƙafafun mai gudu, rubutu a kan hoto mai motsi. Idan ka bi ta, sai ka kalli sakamakon daga farko har ƙarshe. Ni dai in an ba ni zaɓi, faifan NTSC zan yi in huta.

Abu ɗaya kuma game da waya: saurinta ba tsayayye ba ne. Takan rage firam idan haske ya yi ƙasa, shi ya sa MediaInfo ke rubuta Variable. Wannan ne ke sa sauti ya fara daidai, bayan rabin awa ya bar baki a baya. Ka tsayar da saurin tun farko da `fps=30000/1001` kafin ka taɓa komai. In kuwa ba a riga an ɗauki bidiyon ba, kuma ka san PAL za shi, ka saita kyamarar a 25 ko 50, duk wannan dogon bayani ya wuce ka.

Mataki na uku: share yashi

Yashi shi ne ɗigo-ɗigon nan masu rawa da ke cika hoton da aka ɗauka cikin ƙarancin haske, ko wanda aka kwaso daga tsohon kaset. Dalilin share shi bai tsaya ga kyan gani ba. MPEG-2 na samun sauƙi ne ta hanyar ajiye cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma ya rubuta abin da ya canja kawai. Bangon da ba ya motsi kusan kyauta ne a wurinsa. Amma idan bangon cike yake da yashi, kowane firam daban yake da na bayansa, sai bit ɗin, wato ma'aunin wurin ajiyar bayani, da ya kamata a kashe a kan fuska su ƙare a kan bango. Sakamakon shi ne murabba'i-murabba'in nan da ke fitowa a wurare masu duhu.

Matatun iri biyu ne. Akwai masu duban maƙwabtan ɗigo a cikin firam ɗaya, waɗannan idan suka yi ƙarfi sukan shafe gashi da saƙar tufafi. Akwai masu kwatanta firam da na gabansa da na bayansa, waɗannan sun fi kiyaye ƙananan abubuwa amma sukan bar jela a bayan abin da ke motsi. Matatar `hqdn3d` ta haɗa biyun, kuma lambobinta huɗu ne a jere: haske cikin firam, launi cikin firam, haske tsakanin firam, launi tsakanin firam. In ba ka sa komai ba, 4:3:6:4.5 take ɗauka, wanda a ganina ya yi nauyi ga yawancin bidiyo. Ka fara da rabinsa:

`hqdn3d=2:1.5:3:2.25`

Ido ya fi kula da haske a kan launi. Don haka idan abin da ke damunka jajaye da shuɗɗan tabo ne masu yawo a cikin inuwa, ka danne launi ka sassauta wa haske, misali `hqdn3d=1.5:4:3:6`. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Idan bai isa ba, `nlmeans` ya fi shi tsafta amma yana da nawa ƙwarai. Waɗanda suka fi duka su ne masu bin motsi kafin su kwatanta firam, irin su SMDegrain, ko Neat Video na kuɗi, wanda ake nuna wa wani fili a hoton da babu komai sai yashi ya koyi kamanninsa.

Kada ka gwada a kan fim gaba ɗaya. Ka yanko sakan talatin da ke da duhu, da fuska a kusa, da motsi. Ka kalle shi yana tafiya, domin hoton da aka tsayar yakan yi ruɗi: ya yi kyau a tsaye, in ya motsa fatar mutum ta riƙa zamewa daban da kansa. Akwai gwaji mai kyau: ka haɗa asalin da wanda ka share da `blend=all_mode=difference`, ka ƙara wa sakamakon haske. Abin da kake gani shi ne abin da matatar ta cire. Idan ɗigo ne kawai marasa siffa, madalla. Idan kana iya gane idanu, ko layin wuyan riga, ko haruffan da ke jikin bango, to garin gyaran gira ka fara taɓa ido, sai ka rage. Ɗan yashi kaɗan ma yana da amfani: idan aka share shi ƙarƙaf, sararin sama da bango sukan fito da zobe-zobe na launi maimakon su narke a hankali.

Saƙaƙƙen bidiyo ba a share shi kai tsaye, domin matatar za ta gauraya layukan da ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Ka warware shi zuwa 50 cikakke da `bwdif=mode=1`, ko QTGMC idan kana da haƙurin jira, ka share, sannan ka sake saƙa shi da tsarin rabin da ya zo da shi. Kaset ɗin VHS kuma yana da wata 'yar hargitsattsiyar tsiri a can ƙasan hoto. Ka rufe ta da baƙi. Kada ka yanke ta ka ja hoton ya cike wurin, jan saƙaƙƙen hoto a tsaye ɓata shi yake yi.

Mataki na huɗu: girma da launi

Hoton 1920×1080 ana matse shi ne zuwa 720×576 gaba ɗaya, a sa masa alamar 16:9, na'ura ta buɗe shi. A kwamfuta za ka ga mutane sun ɗan rame, daidai ne. Kada ka ƙara baƙin layi sama da ƙasa da hannunka. Launin HD kuma da lissafin BT.709 yake, na DVD da BT.601, in ba a juya ba ja da kore sukan kauce:

`scale=720:576:flags=bicubic:in_color_matrix=bt709:out_color_matrix=bt601,setdar=16/9`

Na zaɓi bicubic a kan lanczos da gangan. Kaifi mai yawa yana sa siraran layuka su riƙa ƙyalƙyali a talabijin, kuma yana cin bit. Idan MediaInfo ya nuna HDR, kamar yadda sababbin wayoyi ke ɗauka, sai an fara sauko da shi zuwa launin da aka saba, in ba haka ba faifan zai fito a koɗe.

Mataki na biyar: lissafi da matsewa

Faifai mai hawa ɗaya an rubuta masa 4.7 GB, kwamfuta kuma za ta nuna kusan 4.38, saboda bambancin ƙirga ne ba cuta ba. Ka ninka 4,700 da 8, ka sami megabit 37,600. Ka ware kusan kashi 4 cikin 100 don menu da kayan haɗi, saura wajen 36,000. Ka raba da tsawon bidiyon a sakan. Awa biyu sakan 7,200 ne, wato megabit 5 a sakan. Cire sauti, AC-3 mai tasha biyu a 192 kbps, saura 4.8 na hoto. Minti 90 zai ba ka kusan 6.5. A nan za ka ga illar sautin LPCM marar matsi: shi kaɗai 1,536 kbps yake ci.

Iyakar hoto a ƙa'ida 9.8 ce, jimillar komai 10.08, amma faifan da aka ƙona a gida bai kai na kamfani sauƙin karantuwa ba, don haka ka tsayar da ƙololuwa a 8.5 ko ƙasa. Idan lissafinka ya faɗi ƙasa da 4, ko dai ka koma faifai mai hawa biyu na 8.5 GB, ko ka raba biyu, ko ka sauka zuwa 352×576, wanda shi ma halas ne a DVD kuma ya wadaci abin da aka kwaso daga VHS.

Ka matse zagaye biyu. A na farko manhajar na nazarin inda ke da wuya, a na biyu ta raba bit gwargwadon buƙata:

`ffmpeg -y -i tsaftatacce.mkv -target pal-dvd -aspect 16:9 -b:v 4800k -maxrate 8500k -bf 2 -b:a 192k -pass 1 fita.mpg`

Sai ka maimaita da `-pass 2`. Shi `-target pal-dvd` yana saita girma, da tazarar cikakkun hotuna wadda ba ta wuce firam 15 a PAL ko 18 a NTSC, da sauran sharuɗɗa. Amma yana da tarko: idan ka ba shi bidiyon 30, shiru zai yi ya zubar da firam ya mayar 25, shi ya sa mataki na biyu ya riga wannan. Ba ya kuma kunna firam ɗin B da kansa, wato waɗanda ake ginawa daga na gabansu da na bayansu don rage cin wuri, dalilin `-bf 2` ke nan. Ga saƙaƙƙen hoto ka ƙara `-flags +ilme+ildct -alternate_scan 1`. Idan bit ɗinka sun yi ƙaranci, HCenc yakan fi ffmpeg fitar da hoto mai tsafta.

Idan Blu-ray ne

Matakan farko duka suna nan, sai dai numfashi ya fi yawa: 25 GB a hawa ɗaya, 50 a biyu, hoto har megabit 40 a sakan, kuma yana karɓar H.264. Yana kunna 23.976 da 24 yadda suke, don haka fim ba ya buƙatar ƙarin gudu ko 3:2. Abin da ba ya karɓa shi ne 1080 cikakke a 25 ko 29.97. Maganin a x264, manhajar matse H.264, shi ne `--fake-interlaced`, wanda ke matse hoton cikakke ya sa masa alamar saƙaƙƙe. Sauran abin da ake buƙata: `--bluray-compat --level 4.1 --slices 4 --vbv-maxrate 40000 --vbv-bufsize 30000`, da `--keyint` daidai da firam ɗin sakan ɗaya. Bidiyon 50 cikakke kuma ko ya zama 1080 saƙaƙƙe, ko 1280×720 a 50. Tunda wuri ya wadata, ka sassauta hannu wajen share yashi fiye da yadda za ka yi wa DVD.

Haɗawa da ƙonawa

DVDStyler zai haɗa maka menu da babi-babi ya fitar da foldar VIDEO_TS, tsMuxeR kuma ya yi na Blu-ray. Abin lura ɗaya ne: ka tabbata manhajar ba ta sake matse bidiyon ba. Idan haɗawar ta ɗauki 'yan mintuna, kwafa kawai ta yi. Idan ta kama hanyar awa, sake matsewa take yi, ka tsayar da ita ka duba saitinta. Rubutun menu kada ya matso bakin allo, wasu talabijin suna cinye gefe.

Ka kunna foldar da VLC tukuna, ka leƙa farko da tsakiya da ƙarshe don ganin ko sauti na tare da baki. Sannan ka ƙona da ImgBurn a matsayin faifan bidiyo, ba na ajiyar fayil ba. Shi zai zaɓi UDF 1.02 ga DVD, 2.50 ga Blu-ray. Ka sa gudu matsakaici, kamar 4x ko 8x, ka bar shi ya tantance bayan ya gama. Gwajin farko ka yi shi a faifan da ake gogewa, a ainihin na'ura da talabijin, ka nufi wurin da kyamara ke juyawa gefe: kuskuren tsarin rabi da tsallen firam a nan suke fara bayyana.